Ƙwayar Cutar Da Ke Zuwa Da Turkenta

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta isa su saurari murya ba, da waɗanda suka ce su karatu ya fi shigar su. Na ɗan gyara wuraren da na yi ta in-ina, sauran kuwa yadda na faɗa haka aka buga.

Daminar da ta wuce, ɗan yayata mai wata 8 ya kama gudawa. Kwana 3 ana fama. Kafin a kai shi asibiti an riga an ɗura masa antibayotik kala biyu daga wani kemis na unguwa, babu gwaji babu komai. Ranar da na je na same shi idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, kukan ma babu hawaye. Abin da ya dawo da yaron nan a asibiti ƙarin ruwa ne, da ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc. Alhamdu lillahi yanzu yana nan yana ta ɓarna a gida. To muna zaune a barandar asibitin Yaya ta dube ni ta ce, "Kai ɗan boko, wai ita ƙwayar cutar nan me take yi masa a ciki ne har ruwa ke zuba haka?" Na ce mata guba take zubawa. Ta gyaɗa kai, magana ta wuce. Amma ni na san amsar rago na ba ta. Wasu ƙwayoyin guba suke zubawa, haka ne, ta kwalara ma haka take yi. Wasu kuwa abin da suke yi ya fi haka wayo nesa ba kusa ba, kuma shi na kawo muku yau.

Gudawar yara tana da masu laifi da yawa. Akwai bairus ɗin rota, akwai Shigella mai sa atini, akwai wasu. Wadda za mu bi yau wani reshe ne na E. coli da masana ke taƙaita sunansa da EPEC, kuma jarirai ta fi kamawa, musamman 'yan ƙasa da shekara 2 a ƙasashe irin namu. Kada ku tsorata da jin E. coli. Yanzu haka da kuke karanta wannan akwai ta cike a hanjinku, yawancinta ba ta cutar da kowa. Wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, shi ya gano ta a kashin jarirai a 1885, sunansa aka laƙa mata. Bambancin EPEC da 'yan uwanta na kirki wani guntun DNA ne da take ɗauke da shi, wanda ke koya mata ƙera makami. Makamin kuwa allura ce. Allura ta gaske, mai rami a ciki, irin ta sirinji.

Kafin mu isa ga allurar, sai mun gyara fahimtarmu a kan kalmar furotin. Mu dai in an ce furotin, wake muke tunani da ƙwai da nama. Wancan abinci ne. A cikin sel, wato ƙananan ɗakunan da aka gina jiki da su, furotin shi ne ma'aikaci, shi ne kuma kayan aikin. Kowane furotin doguwar sarƙa ce ta ƙananan tubala iri 20, sai sarƙar ta naɗe kanta ta ba da wata siffa ta musamman. Siffar nan ita ce komai. Ita ke yanke wane furotin zai iya kamawa, wane ne ba zai kama ba. Ku ɗauki caja da waya: ko wutar ta kai yaya, in bakin cajar bai dace da ramin wayar ba, babu abin da zai faru. To duk labarin yau labarin baki da rami ne. Wa ke kama wa, a wane lokaci, kuma me ke biyo baya.

Yanzu ku sa kanku a matsayin wannan bakteriya. Kun shiga hanjin jariri. Hanji kamar kwata yake mai gudu, kullum ana wanke shi, abin da bai riƙe bango ba ya tafi. Kuna da furotin da za su iya juya sel ɗin hanji ya yi muku aiki, amma suna cikinku, sel ɗin yana waje. Tsakani akwai katanga uku: fatar bakteriya ta ciki, fatarta ta waje, sannan fatar sel ɗin yaron. In kun zubar da su a fili ruwan hanji ya kwashe. Bakteriya suna da hanyoyin fitar da kaya iri-iri, masana sun ba su lambobi, na ɗaya, na biyu, har abin ya wuce tara. Na uku shi ne mai allura, kuma yana tsallake katangun nan uku a tafiya ɗaya.

Ba a EPEC aka fara gano shi ba. A farkon shekarun 1990, masu bincike a kan Yersinia, dangin ƙwayar da ke kawo annobar nan ta ƙuma da ɓera da ta share Turai, sun lura tana fitar da wasu furotin ta hanyar da ba a saba gani ba. Guy Cornelis a Beljiyam yana cikin na gaba a wannan aiki. A 1994 ƙungiyar Hans Wolf-Watz a Umea ta ƙasar Suwidin ta nuna cewa da zarar ƙwayar ta taɓa sel, furotin ɗinta mai suna YopE yana bayyana a cikin sel ɗin kai tsaye. An san ana allura, amma babu wanda ya ga allurar. Sai 1998, Tomoko Kubori da Jorge Galán da abokan aikinsu suka ɓamɓaro na'urar daga fatar Salmonella suka ɗauki hotonta da madubin lantarki. In ka ga hoton sai ka rantse a masana'anta aka ƙera ta: zobba a jere a gindi, sai siririn tsinke ya miƙe sama.

Ƙanƙantarta fa? A Yersinia tsawon allurar kusan nanomita 60 ne. Sai ka jera fiye da dubu, kai da gindi, kafin ka ƙetare kaurin silin gashi ɗaya. Ramin cikinta kuwa bai wuce nanomita 2 zuwa 3 ba. Furotin iri-iri sama da 20 ne ke haɗuwa su gina na'urar, wasu guda-guda, wasu da yawa. Ita allurar kanta furotin ɗaya ne ake ta maimaitawa sama da sau 100, a Salmonella sunansa PrgI, kowane yana kama na kusa da shi suna hawa a murɗe kamar matakalar hasumiya. Kuma sabon tubali ta cikin ramin yake bi ya hau can ƙarshe ya zauna. Wato allurar ta cikin kanta take gina kanta.

To wa ke gaya mata ta tsaya? Nan ne wurin da ni kaina na ajiye littafi na yi shiru. Bakteriya ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa, amma alluranta kusan tsayinsu ɗaya. A 2003 ƙungiyar Cornelis, lokacin yana Basel a Suwizalan, ta duba wani furotin mai suna YscP. Suka yanke wani ɓangarensa ya gajarta, sai allura ta fito gajera. Suka ƙara masa tsayi, sai allura ta fito doguwa. Suka cire shi gaba ɗaya, sai allurar ta yi ta tsawo babu birki, kuma ba ta iya yin aikinta. Tef ɗin tela ke nan. Yana auna tsayin, in ya kai, sai ya taɓa wani furotin da ke bakin ƙofa a gindin na'urar, ƙofar ta daina karɓar tubalan gini ta koma karɓar kaya na gaba.

Wannan maganar "kaya na gaba" ita ce zuciyar abin, don akwai layi, kuma ba a tsallake shi. Duk wanda ya taɓa shiga tasha ya san ɗan kamasho ne ke cewa wace mota ce a kan lodi. A gindin allurar, ta cikin bakteriya, akwai tarin furotin da ke wannan aikin. María Lara-Tejero da Galán suka bayyana shi a Salmonella a 2011. Da farko tubalan allura. Bayan su sai masu huda, waɗanda za su je ƙarshen allurar su buɗe rami a fatar sel ɗin mutum. Sai an gama wannan sannan a saki 'yan aike, wato furotin ɗin da za su shiga su yi ɓarnar. In 'yan aike suka riga masu huda fita, a banza, a ruwa za su zube.

Kuma yawancin 'yan aiken ba su zuwa tashar su kaɗai. Suna da ɗan rakiya, wani ƙaramin furotin da ke riƙe su kamar yadda ake riƙe amarya, yana hana su manne wa abin da bai kamata ba, yana kai su har bakin ƙofa. Ga kuma wata matsala: furotin da ya naɗe kansa ya fi ƙarfin ramin nanomita 2. Sai an warware shi. A 2005 Yukihiro Akeda da Galán suka nuna cewa wani inji a gindin na'urar, InvC, yana ƙona makamashi ya fizge ɗan rakiya gefe, ya warware ɗan aiken ya koma zare. Kun ga yadda ake tsotse bakin zare a miƙe shi kafin a sa a kafar allura? Haka. Zaren ya bi rami, ya faɗa cikin sel ɗin mutum, can ya sake naɗe kansa ya kama aiki. Masu bincike sun gwada liƙa wa ɗan aike wani furotin mai taurin kai da ba ya warwaruwa, sai ya maƙale ya toshe allurar.

Yauwa. Mu koma hanjin jaririnmu.

Bangon hanji yana lulluɓe da yauƙi mai kauri, gajeriyar allura ba za ta kai ba. Sai EPEC ta ƙara wa tata doguwar mesa da wani furotin mai suna EspA. A ƙarshen mesar wasu biyu, EspB da EspD, su nutse cikin fatar sel su yi zobe mai rami. Hanya ta buɗe.

A 1990 ɗakin binciken James Kaper a Jami'ar Maryland ya gano tushen wani furotin da ke jikin fatar EPEC ta waje, wanda aka sa wa suna intimin. Shi ne hannun da take riƙe hanji da shi. Tambayar da ta rage ita ce, me hannun ke kamawa? Duk ƙwayar cutar da aka sani a lokacin wani abu namu take kamawa, wani furotin da Allah ya halitta a fatar sel don wani aiki daban, ita kuma ta mayar da shi mariƙi. An ma ga wani furotin a fatar sel ɗin da EPEC ta kama, aka ɗauka na mutum ne, har aka raɗa masa suna Hp90, harafin farko yana nufin na mai masauki. Shekaru ana neman asalinsa a jikin mutum. A 1997 Brendan Kenny, yana aiki a ɗakin binciken Brett Finlay a Vancouver ta Kanada, ya tsamo furotin ɗin ya karanta jerin tubalansa. Ashe ba namu ba ne. Na bakteriyar ne. Ita ta ƙera shi, ta harba shi ta allura, ya je ya kafu a fatar sel ɗin yaron, sannan ta miƙa intimin ta kama shi. Aka canza masa suna zuwa Tir.

Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Baƙo ya zo gidanka da akuyarsa. Bai tambaye ka inda zai ɗaure ta ba. Ya zo da turkensa, ya kafa a tsakar gidanka, ya ɗaure. EPEC ke nan, sai dai ita ce baƙon, ita ce kuma akuyar.

Tir yana da siffar da ta dace da wannan aiki. Ya lanƙwashe kamar ƙarfen sakata, tsakiyarsa ta leƙo waje inda intimin zai kama, ƙafafunsa biyu suna cikin sel. Ƙafafun nan ba zaman banza suke ba. A ɗaya daga ciki akwai wani tubali, na 474 a jerin, wanda ma'aikatan sel ɗin da kansu suke zuwa su buga wa hatimi, don ya yi musu kama da saƙon gida. Da hatimin ya hau, wani furotin namu mai suna Nck ya zo ya kama. Nck ya jawo N-WASP. Shi kuma ya tayar da wasu magina da ake kira Arp2/3, waɗanda aikinsu harhaɗa aktin, wato azarar da ke riƙe siffar sel. Kowane ɗaya a layin nan aikinsa na halal yake yi, yana ganin umarni daga sama ya zo. Sakamakon shi ne aktin ya taru a ƙarƙashin bakteriyar ya ɗaga ta sama a kan wani ɗan tudu kamar karaga. Akwai hotunansu, ƙwayar tana zaune a kai abinta.

Ina aka samo kayan ginin karagar? Fuskar sel ɗin hanji tana da dubban 'yan siraran yatsu kamar gashin tawul, su ke tsotse ruwa da abinci. Inda EPEC ta zauna, yatsun nan sharewa suke yi, wurin ya zama fili. Sauran 'yan aiken, kimanin 20 ne gaba ɗaya, kowa da inda ya nufa. Wasu irin su EspF da Map suna sassauta ɗinkin da ke tsakanin sel da sel, bango ya fara yoyo. Wasu suna dagula ƙofofin da gishiri ke bi ya shiga jiki, kuma inda gishiri ya tsaya nan ruwa ke tsayawa. Wasu suna tsinke wayar da sel zai kira sojojin jiki da ita. Ruwa bai shiga jiki ba, wanda ke ciki yana fita. Amsar da ya kamata in ba Yaya ke nan a barandar nan.

Wani zai ce, to duk wannan a kwanon gwaji aka gani, wa ya ce haka yake a cikin mutum? An gwada, a kan manya masu lafiya da suka amince da kansu, a cibiyar binciken rigakafi ta Jami'ar Maryland. A rahoton 1993, mutum 11 suka sha EPEC cikakkiya, dukansu suka yi gudawa. Wasu 11 suka sha wadda aka cire wa intimin, 4 ne kawai suka yi. A rahoton 2000 kuma aka cire EspB, ɗaya daga cikin masu hudar nan. Waɗanda suka sha cikakkiya, 9 cikin 10 suka kamu. Waɗanda suka sha mai naƙasa, 1 cikin 10. Ƙwayar tana raye, tana cin abincinta, furotin ɗaya tak aka cire mata, ta kusa zama 'yar kallo. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Salmonella, dangin da mai kawo taifot ta fito daga ciki, ita salonta daban. Ba zama take so a waje ba, shiga take so. Ta harba SopE, shi kuma ya kunna wasu makunnai biyu na sel, Cdc42 da Rac1, sai fatar sel ta tashi kamar igiyar ruwa ta lulluɓe ƙwayar ta haɗiye ta. Tare da shi ta harba SptP, wanda aikinsa kashe makunnan nan. To in an aiko mai kunnawa da mai kashewa lokaci ɗaya, ai babu abin da zai faru ko? Kubori da Galán suka warware wannan a 2003: sel yana saurin niƙe SopE, amma SptP yana daɗewa. Da farko mai kunnawa ke rinjaye, ƙwayar ta shige. Can ya ɓace, mai kashewa ya rage, fata ta koma lumui kamar ba a yi komai ba. Ɓarawon da ya shiga ya mayar da ƙofa ya share sawunsa. Bayan ta shiga ma tana da allura ta biyu da take amfani da ita daga ciki don kada a narkar da ita.

Jikinmu ma dai ba zaune yake ba. A cikin wasu sel na garkuwar jiki akwai wani mai gadi, NAIP, wanda ya san siffar tubalin allurar kanta. Da ya kama ɗaya, sai ya tara 'yan uwansa su yi ƙararrawa, sel ɗin ya fasa kansa ya tona asirin ƙwayar. Dabara ce mai kyau, don ƙwaya tana iya canza 'yan aikenta, amma canza siffar allura ba tare da ta lalace ba abu ne mai wuya. Kuma ba mu kaɗai ake yi wa allurar ba. Manoman shinkafa da suka san ciwon da ke busar da ganye daga gefe, wata bakteriya ce mai suna Xanthomonas, ita ma da irin wannan allura take harba furotin da ke shiga ya kunna wa shukar famfon sukari, ita kuma ta sha.

Ta yaya ma ake sanin wa ke kama wa? Hanya mafi sauƙin fahimta kamun kifi ce. A liƙa wa furotin ɗaya ƙugiya, a fasa sel, a jawo shi, duk wanda ya biyo shi a manne to abokin hulɗarsa ne, sai a tantance. Akwai daskarar da na'urar cikin sanyi mai tsanani a ɗauki dubban hotuna a haɗa su a kwamfuta, fasahar da ta ci kyautar Nobel a 2017. Yanzu kuma ga AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin daga jerin tubalansa, wadda masu ita suka shiga cikin waɗanda suka ci Nobel ta 2024. Tana taimakawa ƙwarai, sai dai hasashe hasashe ne, dole a koma ɗakin gwaji a tabbatar.

To me ya shafe mu da duk wannan? Ku tuna antibayotik kala biyun da aka ɗura wa yaronmu. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani. Yankin da adadin ya fi muni idan aka auna da yawan jama'a shi ne yammacin Afirka kudu da Sahara. Mu ke nan. Antibayotik kisa yake yi, kuma ba ya tambayar wace ce ta kirki wace ce muguwa. Duk lokacin da aka sha shi, waɗanda suka tsira su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa su cika wurin.

Shi ya sa gwajin nan na 1 cikin 10 ya sa masana tunani. In furotin ɗaya ya isa ya kwance wa ƙwaya ɗamara, me zai hana a nemo maganin da zai shiga tsakanin baki da rami? Ya toshe kan allura, ko ya hana ɗan rakiya isa ƙofa, ko ya shiga tsakanin Tir da intimin. Ƙwayar ba ta mutu ba, amma ba ta da abin riƙe bango, hanji ya wanke ta. E. coli ta kirki ba ta da allura, babu ruwan maganin da ita. Ana kuma fatan tunda ba a matsa wa ƙwayar da mutuwa ba, ba za ta yi saurin koyon bijirewa ba.

A takarda abin ya yi daɗi. A aikace, gaskiya, tafiyar ta yi nauyi. An gano sinadarai da dama da ke toshe allurar a kwanon gwaji, amma har yanzu babu ko ɗaya da ya zama maganin da likita zai rubuta maka. An ƙera wani furotin garkuwa da ke kama PcrV, wato hular kan allurar Pseudomonas, ƙwayar da ke addabar marasa lafiya da ke kan na'urar numfashi. An gwada shi a kan mutane, sakamakon bai kai yadda aka sa rai ba. Inda aka ɗan ga haske shi ne rigakafi. LcrV, hular kan allurar Yersinia, yana cikin sinadaran rigakafin annobar da ake gwadawa. A Kanada kuma, a 2008, an ba da lasisin wani rigakafin shanu da aka yi da furotin ɗin wannan na'ura, ciki har da Tir da EspA, don rage E. coli O157, 'yar uwar EPEC, wadda shanu ke ɗauke da ita ba ta dame su ba amma ta kashe mutane. Aikin ɗakin binciken Finlay ne ya haifar da shi.

Ni a ganina akwai wata matsalar da ta fi shafar mu fiye da Turawan da ke binciken. Maganin da ke toshe allura ɗaya tak yana buƙatar likita ya san wace ƙwaya ce kafin ya ba da shi. Mu kuwa yawancin yaranmu ana yi musu maganin gudawa ba a taɓa kai kashinsu ɗakin gwaji ba. Ko gobe aka kawo maganin, in babu gwaji mai arha mai sauri, a kan kanta zai zauna, ko kuma a mayar da shi abin ɗura wa kowa kamar yadda aka yi wa na yanzu. Kuma batun cewa ƙwaya ba za ta bijire ba, ni dai ina ɗaukarsa da hannu biyu-biyu. Halittar da ta iya ƙera tef ɗin awo ba wadda za a raina ba ce.

Kafin wannan rana ta zo, abin da ke ceton yaro mai gudawa shi ne mayar da ruwan da ya fita. Ko a hanjin da EPEC ta yi wa ɓarna akwai sauran sel masu lafiya, kuma suna da wata ƙofa da ke shigar da gishiri in ya zo tare da sukari, ruwa ya bi su. Sirrin ruwan gishiri da sukari ke nan, shi ya sa ake cewa a haɗa shi daidai yadda aka rubuta a jikin fakitin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa da zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma kada a daina ba da nono. In aka ga jini a kashin, ko yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, ko maɗiga ta faɗa, asibiti za a nufa a lokacin, ba kemis ba. Ita O157 ɗin nan ma likitoci gudun ba ta antibayotik suke yi, don yana iya sa ta ƙara sakin gubar da ke taɓa ƙoda.

Na koma na yi wa Yaya wannan bayanin, har da zancen turke. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To ita akuyar wa ya buɗe mata ƙofar gida?" Na ce ruwan sha, da hannun da ba a wanke ba, da bulumbotin da ba a tafasa ba. Ta ce wannan ai ta sani tun kafin in shiga makaranta.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauko hanya ta shida, wadda ɗakin binciken John Mekalanos a Harvard ya bayyana a ƙwayar kwalara a 2006. Ita ba allura ba ce, mashi ne mai sifirin, kuma yawanci 'yan uwanta bakteriya take soka da shi. Kowace guba da ke kan mashin tana da nata furotin makari da ƙwayar ke ajiye a ciki, don in 'yar uwarta ta jini ta soke ta bisa kuskure kada ta mutu. Sai mun haɗu. Wassalamu alaikum.